Baban yara, biyan kuɗin makaranta bai sauke maka nauyi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, wani abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Alhamis na kasa haɗiye shi.

Ranar muna raba sakamakon zangon nan a makarantar da nake koyarwa, sai ga wani bawan Allah ya shigo da babbar riga yana ƙamshin turare, ya karɓi katin ɗanshi, wurin da ake rubuta matsayi kawai ya duba ya ga yaron yana can ƙasa, kafin wani ya ce uffan ya ɗauke shi da mari a gaban 'yan ajinsu da malamai mata, yana faɗin "dabba kawai, kuɗina nake zubarwa a banza, kai dai ba za ka taɓa yin albarka ba." Yaro ɗan shekara sha ɗaya fa. Ko kuka bai yi ba, kai kawai ya sunkuyar. Muka ja uban gefe muka ba shi haƙuri, da ya ɗan huce sai fom mastan yaron ya ce mishi, Alhaji yaushe rabon da ka buɗe littafinshi? Shiru. Ya ce Alhaji ka san yaron nan ba ya ganin allo sai ya matse ido, tun farkon zango muka rubuta takarda gida a kai shi asibiti a duba mishi? Ya ce shi babu wanda ya nuna mishi wata takarda. Aka zazzage jakar yaron, ga takardar nan a naɗe can ƙasa har ta yi laushi. Zango guda cur tana yawo tsakanin gida da makaranta, babu hannun babba ko ɗaya da ya shiga jakar nan.

Kuma wallahi mutumin nan ba mugu ba ne, yana son ɗanshi, bai taɓa bari an koro yaron saboda kuɗin makaranta ba, yunifom ɗinshi kullum a goge. Abin da ya same shi shi ne abin da ya samu da yawanmu a garin nan, mun ɗauka ranar da muka karɓi rasit ranar muka sauke nauyi. "Ai na biya." Da zarar an taɓo maganar karatun yaro sai ka ji uba ya ce ai na biya, me kuma ake so in yi? Haba Alhaji. Kai da ka ajiye yaro a shagonka na Sabon Gari, akwai daren da kake kwanciya ba ka duba littafin ciniki ba? Ka san abin da ya shigo, ka san abin da ya fita, naira ɗari ta ɓace sai ka gano inda ta shiga. To ɗan da ka haifa kuma ka danƙa shi a hannun mutanen da ko sunansu ba ka sani ba, sai bayan wata uku ka zo ka duba lamba ɗaya a kan kati ka yanke mishi hukunci?

Kowa a cikinmu ya haddace hadisin nan, dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo, miji a kan iyalinshi, mace a kan gidan mijinta da 'ya'yanshi. Kai za a tsayar a tambaya game da yaron nan. Malamin aji yana da tashi tambayar daban, ba za ta ɗauke maka taka ba.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, a Zariya muke wannan sakacin. Garin da tun kaka da kakanni almajirai ke niƙo gari daga nesa su zo su durƙusa a zaurukan Unguwar Juma da Kona da Kusfa suna neman nahawu da fiƙihu. Garin da kwalejin Barewa ta dawo ta zauna tun 1949, inda su Murtala da Gowon suka yi karatu. Ga kwalejin Alhudahuda a cikin birni, ga jami'ar ABU tun 1962 a Samaru da Kongo, ga kwalejin Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Palladan. Mutum zai taso daga Legas ko Inugu ko Maiduguri ya kwana a mota don ɗanshi ya samu gurbi a nan, mu kuma da muke jin ƙarar jiragen koyo a saman rufinmu, yaronmu da aka haifa a Samaru yana hango dogon benen jami'a daga ƙofar gidansu, ƙarshenta sai dai ya tsaya a bakin get yana jiran ɗalibin da zai ɗauka a babur. Ban raina sana'a ba, Allah ya sa wa neman halak albarka. Amma da yawa cikin yaran nan suna da ƙwaƙwalwar da za su zauna a cikin ajin, abin da suka rasa kawai babban da zai zauna kusa da su lokacin da suke aji uku na firamare.

Za ka ce babu lokaci, ana fama da neman abinci. Na yarda rayuwa ta yi tsada, babu mai musu. Amma tsakaninka da Allah, daga sallar isha'i zuwa sha ɗayan dare ina kake? Majalisa, teburin mai shayi, gidan ƙwallo. Akwai uban da zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal har da na benci, ya faɗa maka wanda ya ji rauni da ranar da zai dawo, amma ka tambaye shi sunan malamin lissafin ɗanshi sai ya hau sosa ƙeya. Wani ma ajin da yaron yake sai ya juya ya tambayi uwar. Wanda ya dawo gida da wuri kuma jikinshi ne kawai ya dawo, idonshi na kan waya, yaro ya zo da littafi yana Baba kalli abin da aka ba mu, sai a ce kai tafi wurin mamanka na gaji. Mama kuma tana kan WhatsApp ana shawarar ankon biki, ta ce je ka wurin yayarka. Yayar tana TikTok. Yaro ya mayar da littafin jaka, gobe a zane shi a makaranta don bai yi aikin gida ba, jibi ya koyi kwafa a wurin abokinshi da sassafe kafin a buga ƙararrawa. Daga nan satar amsa take farawa, tun yana ɗan shekara takwas, a cikin falonmu.

Minti ashirin nake roƙa muku yaran nan. Dan girman Allah, minti ashirin bayan magariba ko bayan isha'i, a kife waya, a kashe talabijin.

Na san wani zai ce ni ban yi boko ba, me zan gane a littafin Turanci? Yaya, ba sai ka iya ba. Ka san jan biro in ka gan shi. Ka san bambancin shafin da aka cika da wanda aka bari fari. Ka duba kwanan watan da ke saman shafi, in rabon da a yi rubutu a littafin lissafi sati biyu ne to akwai magana, ko malamin ba ya shiga aji ko yaron ne ba ya zama, kuma duk biyun ya kamata ka sani. Ka ce mishi karanta min nan da ƙarfi, sannan ka faɗa min da Hausa me aka ce. In ya iya mayar maka da shi da Hausa ya gane, in ya tsaya yana kame-kame to haddar aku ya yi. Iyayenmu mata da yawa ba su taɓa riƙe fensir ba amma sun yaye likitoci da alƙalai, don kuwa yaro ya san in ya dawo sai an tambaye shi, kuma an ware mishi tabarma da fitila, kuma ba a aikenshi a lokacin.

Maganar karantawar nan ina so in ɗan tsaya a kanta, don ita ce ciwon da muke gani kullum a aji kuma iyaye ba su sani ba. Akwai yaran da ke shigowa ƙaramar sakandare, sun yi shekara shida a firamare, rubutunsu kyakkyawa kamar an buga da inji, amma ka nuna musu layi ɗaya cikin abin da suka rubuta da hannunsu ka ce karanta, ba za su iya ba. Zanen haruffa suka koya daga allo. Ana ta ciyar da su gaba daga aji zuwa aji saboda makarantar kuɗi tana tsoron in ta ce ya maimaita uba zai cire shi ya kai wata, ta gwamnati kuma yara sun yi wa malami yawa ba zai iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Yaron da bai iya karatu ba kuwa duk sauran darussa a rufe suke gare shi, ko lissafi ne sai ya karanta tambaya kafin ya san me ake nema. Sai ya fara ɓuya a bayan aji, sai ya fara ciwon cikin ƙarya da safe, sai ya fara tsayawa a hanya, mu kuma mu ce ya lalace ko an yi mishi asiri. Kunya ce take korarshi, yana tsoron ranar da malami zai ce tashi ka karanta a yi mishi dariya. Yau ɗin nan ka gwada ɗanka. Kar ka ba shi littafin ajinsu don wataƙila ya haddace, ka ba shi kwalin magani ko takardar gayyatar ɗaurin aure ko allon shago in kuna tafiya a PZ. In ka ga bai iya ba kar ka dake shi, kar ka kira 'yan uwanshi su zo su gani. Ka je ka samu malaminshi ku yi shawara, in maimaita aji ne a bari ya maimaita, shekara ɗaya a firamare ta fi sauƙi a kan ya kai aji shida na sakandare yana neman wanda zai rubuta mishi. In akwai halin ɗaukar mai lesin a ɗauka, amma shi ma a riƙa bibiya, kar ya zama wani "ai na biya" ɗin na biyu.

Haka islamiyya. Ita ma mun mayar da ita wurin da ake tura yara don gida ya yi shiru da la'asar. Yaushe rabon da ka ce zo ka biya min haddarka? Sai ranar sauka a yi anko a kafa rumfa a ɗauki hoto, alhali in aka ja wa yaron baƙi daga tsakiyar izu ba zai iya ɗorawa ba.

Sai kuma jikin yaron. Likitoci suna cewa ɗan firamare yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi kuma 8 zuwa 10. Namu fa? An kawo wuta sha ɗayan dare kowa ya tashi kallo har da na goye, ko kuma yaro ya shige bargo da wayar uwarshi har ƙarfe ɗaya, da asuba a tashe shi, ya je boko, ya dawo ya wuce islamiyya, wani ma da makarantar dare. Darasin farko yana gyangyaɗi. Ga wanda ke zuwa da cikin wofi, an ba shi kuɗin tara ya sayi alawa a hanya, kafin ƙarfe goma idonshi ya yi zuru-zuru, me zai shiga kanshi? Ko ɗumamen tuwo ne, ko koko da ƙosai, a tabbatar wani abu ya shiga cikinshi kafin ya fita. Da damina a sa musu gidan sauro, zazzaɓi ɗaya yana cinye wa yaro sati, kuma abin da aka koyar a satin nan babu mai dawo mishi da shi in ba wani ya tsaya ya nemo mishi littafin abokinshi ya kwafa ba. In hunturu ya shigo kun san sanyin Zariya, a nema musu rigar sanyi a dafa ruwa da wuri, yawan makara a lokacin nan yake. Yaron da kullum sai ya ce "na'am?" sau biyu kafin ya ji, ko yake manna littafi a fuska, a kai shi a duba kunne da ido kafin a kira shi daƙiƙi.

Iyaye mata, ku ma ga taku, kuma da girmamawa nake faɗa don na san ku kuka fi kowa wahala a kan yaran nan. Yarinya ta dawo daga makaranta, wanke-wanke nata, raino nata, ɗebo ruwa nata, talla nata, yayanta namiji yana kwance yana latsa waya. Sai dare ya raba ta ɗauko littafi barci ya kwashe ta a kai. In ta faɗi a ce ai dama mace ce, aure za ta yi. Subhanallah. Nana Asma'u 'yar Shehu mace ce, kuma mahaifinta bai ce ta bari sai maza sun gama ba, har ta kai tana tura mata ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu. Mu ne kuma in matarmu za ta haihu muke cewa mu dai likita mace muke so, to 'yar wa za ta zama likitar? A raba aikin gida da adalci. In yarinya ta fara girma a kula da kwanakinta na wata, a tanadar mata abin da take buƙata ba sai ta roƙa ba, akwai waɗanda ke zama gida kwana uku huɗu duk wata saboda kunya da rashin audugar mata, kuma ba za su taɓa buɗe baki su faɗa wa uba ba.

To mu zo babbar sakandare, inda sakacin shekaru yake fitowa fili. Tun daga aji huɗu ake raba yara, kimiyya ko fasaha ko kasuwanci, kuma wannan zaɓin shi ke yanke abin da yaro zai iya nema a jami'a. Uba yana ta faɗa a majalisa ɗana likita zai zama, bai san yaron ko kemistiri ba ya ɗauka ba. Jami'a tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci, da lissafi ma a yawancin fannoni, JAMB kuma darussa huɗu ne a kan maki 400, a kwamfuta ake yinta, amma sai ka ga yaron da bai taɓa dafa linzamin kwamfuta ba sai ranar jarabawa. Rajistar ma sai da lambar NIN, kuma in sunan da ke jikinta ko ranar haihuwa ya saɓa da na takardun makaranta wahala ce babba a gaba. Duk waɗannan abubuwa ne da uba zai iya tambaya a zama ɗaya da malamin makaranta tun da sauran lokaci.

Amma me muke yi? Sai jarabawa ta matso mu fara cigiyar makarantar da ake "taimako". Uba da gemunshi da tabon sallah a goshi ya ƙirga kuɗi ya biya don a rubuta wa ɗanshi amsa a allo, ya dawo gida yana cewa alhamdulillah an dace. Wace dacewa? Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ka koya wa ɗanka da hannunka cewa abin da bai wahala a kai ba ana iya saye, sannan gobe in ya ci amanarka a shago ka yi mamaki? Kuma takardar nan da ita zai nemi aiki, da albashin zai ci ya ciyar da jikokinka, wataƙila ma ya biya maka Makka. Ka taɓa zama ka yi tunanin wannan? Ko ta fuskar duniya ma asara ce, don kiredit tara na saye ba sa zama da yaro a ɗakin jarabawar jami'a, shekara ɗaya biyu a koro shi ya dawo gida da karyayyar zuciya. Gara ya faɗi da gaskiyarshi ya sake zama. Ku ji tsoron Allah a kan wannan, iyaye, ku ji tsoron Allah.

Malamai kuma ba mala'iku ba ne, a cikinmu akwai masu sakaci, ban ɓoye ba. In ka ga ba daidai ba ka zo ka yi magana, haƙƙinka ne. Amma ka zo tun ana cikin zango, ka zo mitin ɗin iyaye da malamai in an kira, kar ya zama ba a ganinka sai ranar faɗa. Kuma kar ka zagi malami a gaban ɗanka, don daga ranar ya daina ɗaukar komai daga bakinshi. Yaron da malamai suka san ubanshi yana leƙowa, wallahi ko zaman ajinshi daban ne.

Sannan harshenmu. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mugun baki, kar a dace da sa'ar da ake amsa addu'a. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙanshi. Mu kuwa "daƙiƙi", "jaki", "kalli ɗan gidan wane ya zo na ɗaya kai kana nan", sun zama abincin yau da gobe. Yaron da ya tashi daga maki 30 ya koma 45 ya yi ƙoƙari, ka ce mishi Allah ya yi maka albarka, ka ga yadda zai dage. Ba kowane yaro ne zai zo na ɗaya ba, aji guda mutum ɗaya ne ke zuwa. Wani a hannu Allah ya ajiye mishi baiwarshi, wani sai a hankali yake ganewa amma in ya riƙe ya riƙe kenan, kuma ba za ka san wanne ne naka ba sai kana zama da shi.

Ga hutu an shiga. Dan Allah kar a bar su daga kallo sai yawo har a koma. Baban yara, daren yau ka dawo gida da wuri, ka kira su ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kowa wane darasi ne yake ba shi wahala, kuma in ya faɗa maka kar ka yi faɗa. In an koma ka raka su da ƙafarka ranar farko, ka gaisa da malaminsu ka karɓi lambarshi. Wanda yake riƙon maraya ko ɗan ɗan'uwa shi ma haka, kar a bambanta. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya yafe mana inda muka gaza a kansu. Amin.